Yadda Za Ka Ci Hutu A Roni Kana Ɗalibin Injiniya Ba Ka Ɗaure Ko Noti Ba

Kai ɗan samari da Allah ya kai ka kwaleji karatun injiniya, ga hutu ya matso gabanka yana ta faɗuwa, kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari za ka shigo gari da girmanka ka fita da abinka, hannunka fes, ko ɗigon baƙin mai babu. An gwada su a kan Falalu, autan Inna Batulu mai ƙuli-ƙuli ta Roni, a hutun ƙarshen shekarar 1958, ina zaune ina kallo. Tare muka yi elementare da shi. Ni na tsaya a aji huɗu don in sami lokacin ba mutane shawara.

Mataki na 1: Sauko daga mota da abin da ba wanda ya san sunansa

Falalu ya sauka daga lorin Kazaure da wani dogon katako mai kai a gicciye rataye a kafaɗa. Na jan layi ne a takarda, ba ya yanka, ba ya tono. Amma kafin ya isa ƙofar gida har an raba gardama biyu, wasu sun ce mabuɗin jirgin ƙasa ne, wasu sun ce da shi ake gane zazzaɓin mota. In an tambaye ka, yi murmushi ka ce, "Kayan aiki ne." Kada ka ƙara ko harafi.

Mataki na 2: Kada ka gyara wa kowa fassara

A Roni injiniya shi ne mai gyaran inji, magana ta ƙare. Abin da ake koya wa Falalu a Zariya kuwa tsara masana'anta ne: ina za a kafa wannan inji, mutum nawa za su tsaya a kansa, taku nawa ma'aikaci yake yi kafin ya ɗauko ƙarfe, wane takun za a soke. Ilimi ne mai zurfi. Aibinsa ɗaya, sai da masana'anta yake aiki, mafi kusa kuma tana Kano.

Ran da ya iso ya zauna ya yi wa mahaifiyarsa wannan bayani tiryan-tiryan. Ta saurara tana murza ƙuli-ƙuli, sannan ta ce, "To madalla, Auta. Ashe har injunan Kanon ma kai za ka riƙa gyara musu."

Ya buɗe baki zai gyara mata, sai ya ga yadda fuskarta ta yi haske. Rabonsa da ganin haka tun kafin rasuwar mahaifinsa. Tausayi ya kama shi, ya mai da bakinsa ya rufe. Kafin la'asar matan unguwa duk sun ji.

Mataki na 3: Auna, zana, jinkirta

Za a fara kawo maka kaya, agogo ne, fitila ce, garmaho ne. Kada ka ƙi karɓa. Ɗaure fuska, zagaya abin sau biyu, auna shi ta tsaye da ta kwance, ka rubuta lambobi inda mai shi zai gani. Daga nan girgiza kai ka ce, "Sai an rubuta wa Ingila." Ingila nesa take, kuma duk ƙasar Kazaure ba wanda zai je ya binciko.

Sai dai ka taɓa abin tukuna. Falalu ya ce wa Mamuda wanzami kekensa sai an rubuta wa Ingila, ashe iska ce kawai babu a tayar baya.

Mataki na 4: Nemi wanda za ka koya wa aikinsa

In ka ji an fara ƙus-ƙus, fito da ilimin gaskiyar. Falalu ya ɗauki agogo da littafi ya nufi maƙerar Kawu Daudu, yayan mahaifiyarsa, wai zai ƙidaya takun da tsohon yake ɓatawa ya rage masa. Ya zauna tun hantsi har azahar. Kawu Daudu bai yi taku ko ɗaya ba. Maƙerinmu a zaune yake aiki, wuta nan, uwar maƙera nan, masaɓa da awartaki da kaskon ruwa duk iyakar miƙa hannu, haka ya gada tun kaka da kakanni.

Amma mai ilimi ba ya tashi hannu rabbana. Falalu ya gano ɓarna guda.

"Kawu, na lissafa. Kusan sulusin lokacinka a gaisuwa yake tafiya. Mutum ɗaya sai ka tambaye shi gida, ka tambayi gona, har da jaki. In ka rage, za ka ƙara fartanya biyu kullum."

Kawu Daudu ya tsoma ƙarfe a ruwa, ya jira ƙarfen ya gama kuka. "To ɗana, fartanya biyun nan, wa zan sayar wa? Wanda na ƙi gaisarwa?"

In an yi maka irin wannan tambaya, duba agogo ka ce lokacin salla ya yi.

Mataki na 5: Ranar wanka

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Injin markaɗe guda ne tak a unguwar, na hannu, na wata Tasalla, kuma a nan duk masu ƙuli-ƙuli suke markaɗa gyaɗa. Ana jibi kasuwa ya tsaya cak. Har an ɗaure shi a buhu za a sa a mota zuwa Kano, Inna Batulu ta tare a gaban mata ta ce, "Ga injiniya a cikin gida za a kai Kano? Ku kawo wa Auta." Motar ta tafi, ba wata sai bayan kasuwa.

Aka dire injin a zaure. Falalu ya san in injin bai tashi ba, mata sun rasa kasuwa, uwarsa kuma ba ta sake ɗaga kai a gidan biki. Tsoro ya kama shi sosai. Ya ari sifana ya kwance injin kaf, don kwancewa kowa ma gwani ne, ya jera sassan a tabarma, ya zana kowanne da awonsa. Zane kam ya yi kyau, har liman ya leƙo ya sa albarka. Da aka zo mayarwa ne ido ya raina fata. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya hura masa iska, gumi yana ɗiga a takarda, jama'a kuma sai ƙaruwa suke a bakin zaure.

Can sai ga Kawu Daudu da sallama, wai wucewa ya zo yi. Ya tsuguna ya ɗauki takardar a juye, ya dubi tabarma, ya ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"Injiniya, wannan ɗan ƙarfen da ka zana da tsaga a tsakiya, shi kake so in ƙero maka?"

Falalu ya duba. Lalle ya zana tsagar, har ya auna faɗinta, a zatonsa haka Turawa suka yi abinsu. Ya ce, "Shi ne, Kawu."

Kafin la'asar tsohon ya dawo da sabo. Ya shiga haɗa injin, duk abin da ya ɗauka sai ya ce, "Nan ka ce, ko?" Falalu ya ce, "Nan ne." Aikinka ke nan a wannan mataki, ka faɗi "nan ne" da nauyi irin na manya. Aka zuba gyaɗa aka juya, markaɗe ya zubo lukui. Kawu Daudu ya karkaɗe riga ya ce wa jama'a, "Ni ɗan aike ne kawai."

Mataki na 6: Karɓi guzuri, kada ka yi musu

Bar gari da wuri, don labari ya riga ya kai garin Gwiwa, an ce har wani mai keken ɗinki ya taso daga Babura. Ran tafiya Inna Batulu ta rako Falalu zaure da ƙunshin ƙuli-ƙuli. Ya durƙusa, ya tattara ƙarfin halinsa zai faɗa mata gaskiya.

"Inna, maganar injin nan..."

"Ni na je na kira Yaya," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "'Yar maƙera ce ni, Auta. Tun daga yadda ka riƙe sifana na gane. Ka je ka gama zanenka, Allah ya yi albarka. Amma kafin wani hutun ka koyo ɗaure noti ko guda ɗaya. Yaya ya fara tsufa, ni kuma ba zan daina faɗa wa mutane ba."

Hattara

Ni dai shawara na bayar, ban ce kowa yana da kawu maƙeri ba, ban kuma ce kowace uwa za ta iya rufe baki ta buɗe shi a inda ya dace ba. Wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da injin mutane warwatse a tabarma, ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. Falalu kuwa an ce da ya koma Zariya, kafin ya ajiye akwati ya wuce ɗakin injuna neman aron sifana. Ko ya gane ta ina ake juya ta, wannan tsakaninsa da Inna Batulu ne.