Kilo Huɗun da Hukuma Ta Rage Mini

Jiya da hantsi, a zauren taro na unguwarmu, wandona ya yi yunƙurin rabuwa da ni a gaban mutum ɗari biyu. Taron yafe wa juna ne da muke yi duk shekara bayan ƙaramar Sallah, kuma bana mun yi babban baƙo, Mai Girma Mai Almakashi da kansa, mutumin da ba a taɓa ɗaura zare a gundumar nan ya kwana bai yanke shi ba. Layi ya kawo ni gabansa, na miƙa hannu biyu, na ɗan rusuna, sai na ji iska a inda ba ta saba shiga ba. Da hannu ɗaya na ƙarasa gaisuwar, ɗayan yana riƙe da mutuncina.

Maƙwabcina Pak Tukiran, wato Malam Tukiran a yarenmu, mai sayar da miyar ƙwallon nama a bakin titi, shi ne a bayana, kuma ya ga komai. Muna fita ya ja ni gindin mangwaro.

"Pak Darmaji, ka ji tsoron Allah ka faɗa mini," in ji shi. "Kowa ya dawo daga Sallah maɓallin rigarsa na neman agaji, kai ka dawo kamar rigar da ta sha ruwan zafi. Wane ganye kake sha?"

Na ce masa ba ganye ba ne, aikin hukuma ne, kuma ya kamata a yaba wa wanda ya yi aiki.

Shekara uku likitar unguwarmu tana roƙona in rage teɓa saboda hawan jini. Matata Sumirah ta ɓoye soyayyar ayaba, ta rage sukari a shayi, ta saya mini takalmin gudu da har yau yake cikin kwalinsa. Ko azumi bai taɓa ni ba, don ni irin mutanen nan ne da ke rama na rana da magariba har da riba. Abin da mata biyu masu ilimi suka kasa, manyanmu sun yi shi cikin kwana tara, ba su karɓi ko rupiya ɗaya ba.

Abin ya faro ne daga motocin kyauta da aka tanada don kai talakawa gida Sallah. Ni dole in je, domin bara ban samu zuwa ba, kuma mahaifiyata, Mbah Ponirah, wato Kaka Ponirah, mai shekara tamanin da ɗaya, ta aiko cewa ba za a yanka kaza a gidanta ba sai ta ji muryata a tsakar gida. An ce mu hallara ƙarfe bakwai na safe. Motoci na nan, direbobi na nan, amma ba a tashi sai Mai Girma ya zo ya kaɗa tuta. Muka tsaya a rana da azumi a baki. Ya iso sha biyu da rabi, ya yi jawabin minti hamsin a kan muhimmancin kiyaye lokaci, muka tafa.

Motarmu ta sha sabon fenti har kan tayoyi, ga hoton Mai Girma a bayanta yana murmushi, kamar yadda yake shekara goma sha biyar da suka wuce. Injin ne kawai ba a gaya wa an yi gyara ba. A hawan tudu na farko ta yi tari biyu ta yi shiru. Direba ya roƙi maza su sauko. Hannuwana suka faɗa daidai kan kumatun Mai Girma, na tura iya ƙarfina. Ko lokacin zaɓe ban tura shi gaba haka ba. Sau uku muka yi wannan motsa jiki, tafiyar awa shida ta ci mana yini da rabi.

Daga inda mota ke tsayawa zuwa ƙauyenmu, kogi ne kawai a tsakani. An aza harsashin gadarsa sau uku, a zaɓe uku, kuma kada wani ya ce ba a ga amfanin aikin ba, don duwatsun uku na nan jere a bakin ruwa da rubutunsu, mata na wanki a kansu. Gadar gora da muke lallaɓawa kuwa damina ta tafi da ita. Sai muka bi gaɓa kilomita takwas zuwa tsohuwar gadar jirgin ƙasan da ke ɗaukar rake, ni da kwalin biskit a ka da jaka biyu a kafaɗa, Sumirah a gaba tana ambaton sunayen manya ɗaya bayan ɗaya, ba da addu'a ba.

Mun shiga gida ana gobe Sallah, rana ta yi sanyi. Tsohuwa tana zaune a bakin ƙofa tun safe, in ji maƙwabta. Idonta ya yi rauni, amma da na yi sallama ta miƙe ba sanda, ta ce a kamo kazar.

A nan aka shiga mataki na biyu na shirin. Mako biyu ba gas a ƙauyen. An bayyana cewa ba ƙaranci ba ne, tsarin rabo ake gyarawa. To, tukunya ba ta dahuwa da bayani, sai na ɗauki gatari. Kazar kuma ba ta yiwuwa sai da madarar kwakwa, matasan ƙauye duk suna birni ko suna kan hanya suna tura mota, sai ga ni mai shekara hamsin da uku a rungume da bishiyar kwakwa ina tuna zunubaina. Tankin ruwan da aka ƙaddamar bara yana da kyau ƙwarai, har an zagaye shi da furanni. Ruwa dai a rafi yake, gangara da hawa, bokiti biyu safe da yamma.

Kada ku ɗauka ban ci ba. Na ci shinkafar da ake dafawa cikin ganyen kwakwa da kazar nan har na daina ƙirga faranti, amma duk abin da na zuba da rana, gatari da bokiti sun karɓe kafin la'asar.

Ranar da za mu taho na durƙusa gaban tsohuwa in sake neman gafara, kamar yadda muke yi. Shekaru ke nan cikina yana riga goshina isa gwiwarta, amma a ranar goshina ya sauka lafiya. Ta shafa kaina, ta laluba kumatuna. Sai ta juya wajen da take jin numfashin Sumirah.

"'Yar nan, me yaron nan ya yi miki kike horar da shi da yunwa?"

Sumirah, wadda ta yi shekara uku tana addu'ar wannan rana, ta sunkuyar da kai ta ba da haƙuri. Ni kuwa dariya da hawaye suka haɗu mini, na rasa wanda zan fara sharewa. Tsohuwa ta sa na yi alƙawarin dawowa baɗi da kumatuna cikakku, na kuma ɗauka, duk da na san cikawar ba a hannuna take ba.

Da na gama ba Pak Tukiran labari, ya daɗe yana shafa cikinsa. Ya ce shi ya yi kuskure da ya biya kuɗin jirgin ƙasa ya isa gida a kan lokaci, baɗi in rubuta sunansa a motar kyauta, kuma ya fi son wadda ta fi sabon fenti.

Yau da safe kuma sai ga takarda mai hatimi. Ashe wani na hannun daman Mai Girma ya lura da ni a taron, ya yi tambaya, an zaɓe ni ɗan ƙasa abin koyi na sabon Kwamitin Yaƙi da Teɓa. Za a ƙaddamar da shi ranar Asabar a babban otal, da liyafar cin abinci kala goma sha biyu, daga nan mambobi su tafi ƙasar waje mako biyu su nazarci yadda mutane ke tafiya a ƙasa. Ni dai zan je, don ban taɓa ƙin gayyatar da ke da abinci ba. Na ma ga hoton kwamitin a saman takardar. An ce su bakwai ne, amma huɗu kawai hoton ya iya ɗauka.