Yadda Za Ka Tsare Mangwaro Har Ɓarawo Ya Daina Zuwa

Kai mai lambu, matso kusa. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari ko mangwaro ɗaya ba za a ƙara sace maka ba. Ni Mahadi na gwada a Karakkai, ya kuwa ci.

1. Samu lambun da ba naka ba
Na surukarka ya fi. Tawa, Inna Uwa, ta damƙa mini nata da sharaɗi: in ya lalace a hannuna, za ta ba Jibo, mijin ƙanwar matata. Buga ƙirji ka ce, "Inna, ai kin huta."

2. Tsani ɓarayi
Yara da awaki na shiga? Sai katanga. Ba ta laka ba, ta jan bulo, irin wadda ake ta yi a Gusau tun da aka ba mu jiha. Kada ka saya, gasa abinka a tsakiyar lambun don jaki ya huta da dako. Wannan shi ake kira dabara.

3. Zaɓi lokaci
Kunna wuta daidai sa'ad da fure ya zube, 'ya'ya suka fito ƙanana kamar gurjiya. Itace ya yi tsada? Tsofaffin tayoyi da baƙin mai na nan. In hayaƙi ya kwanta cikin ganye, gaya wa matarka ƙwari yake kora.

4. Ɗora wa bakin mutane
Tsinin kowane mangwaro zai yi rawaya, ya koma baƙi ƙirin, ya taurare, ɗan ya tsumbure. Kambun baka ne, na Jibo kuwa! Maganinsa turare, sai ka ƙara hayaƙi a gindin kowace bishiya. Ni har barkono na zuba, ina tari ina yabon kaina.

5. Saurari malamin gona da kunne ɗaya
Zai zo daga Bungudu a kan babur, ya toshe hanci, ya ce, "Malam Mahadi, wanga hayaƙi ne ke ƙona su. Kashe wutar, ka kai ta nesa da lambu. Baɗi ka fesa musu ruwan maganin boras tun suna ƙanana." Gyaɗa kai, ka ce kaɗan ya rage katanga ta haɗe. Ka haɗe ta.

6. Tarbi surukarka
Za ta zo da kwanduna. Za ta ɗauki mangwaro ɗaya, ta juya shi, ta ajiye. Don kunya ba za ta dube ka ba, da 'yarta za ta yi magana: "Bara'atu, ce wa mijinki katanga ta yi kyau. Ya ba Jibo mabuɗi." Wallahi ran nan na so ƙasa ta tsage in shige. Jibo ma har godiya ya yi mini.

Gargaɗi
Duk abin da ya biyo baya, babu ruwana. Alkawari dai na cika, don ba a satar abin da ba ka da shi. Mai ƙorafi ya same ni a gindin katangata, ta waje. Bana Jibo ya fesa boras, rassa sun leƙo, ina jiran iska ta kaɗo mini ɗaya.