Ranar Da Na Saka Gwaggo Tumba A Waƙar Biki

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da bikin Nana, 'yar aminina Umaru na Kebbe.

Ni dai mai gyaran rediyo ne a kasuwar Tambuwal, tun zamanin kaset. Bokona bai wuce firamare ba (ita ma ba ni na gama ta ba, ita ta gama da ni). Da rediyo ta daina ciwo saboda kowa ya koma waya, sai babban ɗana ya bar min tsohuwar kwamfutarsa, da makirufo, da abin sawa a kunne, da wata manhajar haɗa waƙa. Ya nuna min jan maɓalli na ɗaukar murya, da wani da ke gyara muryar mutum ta riƙa lanƙwasa kamar ta mawaƙan zamani. Daga nan na naɗa wa kaina sarautar injiniya, ba tare da kowa ya roƙe ni ba.

To, kun san al'adar yanzu: ba a biki sai da waƙar amarya, a jero sunayen dangi kaf. Na ce wa Umaru kada ya kai aikin Sakkwato, ni zan yi. Na rera, na haɗa da kiɗa, na hau babur zuwa Kebbe da kwamfuta a goye kamar jariri. Hanyar nan ta girgiza min duk wani ƙashi da nake da shi.

Ana gobe wunin biki, da la'asar, na haɗa kwamfutar da babbar sifikar da aka kawo tsakar gida, ta bulutut, wato haɗin nan da ba ya son waya. Waƙa ta fita tas. Ana cikin yabo sai Gwaggo Tumba, yayar Umaru, wadda ta yi renon amarya, ta miƙe.

"Umaru, ban ji sunana ba."

Na manta ta. Kowa na ciki, har maƙwabta, ban da ita. Ta rantse in ba ta ji sunanta a waƙar nan ba, ƙafarta ba za ta raka Nana ɗakin miji ba. Nana ta fashe da kuka. Umaru ya dube ni ya ce, "Injiniya, ka ji aikinka."

Washegari da hantsi na shige zaure, na turo ƙofa, na rufe kunnuwana da abin ji, na danna jan maɓalli. Layi ɗaya kawai zan ƙara. Na yi magana, shiru. Koren layin da ke nuna murya yana ta tsalle a fuskar kwamfuta, alamar tana jina, amma ni ba na jin komai, ko kiɗan. Ga janareto na ruri a bakin zauren, ga kunnena da dama ya fara nauyi.

Sai na shiga gyara irin na da. Na cire wayar abin kunne, na hure ramin, na mayar. Na lashi bakin wayar (a rediyo yana aiki, kada ku yi dariya). Na ɗan mari kwamfutar a gefe, cikin ladabi. Na murɗe ƙara har ƙarshe, na manhaja da na kwamfuta duka. Shiru.

Mai gyara kuwa ba ya gwada makirufo da baki rufe. Da farko na yi ta "gwaji, gwaji". Da na gaji, sai na koma faɗin abin da ke raina, kuma da yake kiɗa na kaina, a kan karin waƙar nake faɗinsa:

"Gwaggo Tumba, Gwaggo Tumba, tsohuwa sai rigima. Haƙori ya ƙare, faɗa bai ƙare ba. Gwaggo Tumba, kin hana ni karin kumallo."

Na maimaita. Na ƙara da cewa bayana na ciwo, kuma furar gidan Umaru ruwa ya fi yawa. Duk a waƙe.

Ina cikin haka aka banko ƙofa. Umaru ne, hula a karkace, yana haki. Bakinsa na motsi. Na zare abin kunne, sai na ji wata murya mai zaƙi daga tsakar gida tana ƙarasa "...ruwa ya fi yawa", da kiɗa, da lanƙwasa, da komai. Na ce a raina wannan mawaƙi ya iya. Sannan na gane shi.

"Kai, tsohon banza, mi kaka yi haka?" in ji Umaru. "Tun ɗazu mata ka saurarenka!"

Ashe da aka kunna sifikar nan da safe, kwamfuta ta tuna ƙawarta ta jiya, ta kama ta da kanta, ta tura sauti can. Ba abin da ya lalace. A cikin saitin manhaja akwai wurin zaɓen inda sauti zai fita, sunan sifikar na nan zaune ɓaro-ɓaro. Ni kuwa ina ta hure rami. Ƙarar da na murɗe kuma, har bayan layi an amfana.

Na so ƙasa ta tsage, amma ƙasar Kebbe tauri gare ta. Aka tasa ni gaba zuwa tsakar gida. Mata cike, wasu sun toshe baki da mayafi, kafaɗu na rawa. Gwaggo Tumba na kan tabarma. Na durƙusa da tsofaffin gwiwoyina marasa amfani.

"Gwaggo, gwaji na nika yi."

"Gwaji? Buɗe bakinka mu ƙirga naka haƙoran, mu ga wa ya fi wani."

Aka kwashe da dariya. Ban buɗe ba, don na san abin da ke ciki.

Ta bar ni a durƙushe har sai da ƙafata ta mutu, sannan ta ce, "Tashi. Kowa sau guda anka kira shi, ni ko har bayan gida an ji sunana. Koma ka sa shi da kyau, ka ce ni na rena ta. In ka sake taɓa haƙorana, sai na cire naka da sunka rage."

Na koma, na zaɓi abin kunne a saitin, sauti ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Na rera mata baiti guda cur. Da yamma ita ce a gaban masu rakiya, riƙe da hannun Nana.

Baitin kirkin nan ba wanda ya riƙe shi. Amma har yau in na sauka a Kebbe, sai na ji wata daga cikin gida ta ɗauko "haƙori ya ƙare". Umaru kuma ya daina ba ni fura, wai ruwa ya yi yawa.

Don haka, ku masu koyon wannan aiki, ga nasihar injiniya: in kwamfuta ta yi shiru, kada ku ce sauti ya ɓata. Yana fita, sai dai ba ta wajenku ba. Ku fara duba inda ya nufa, kuma kafin ku gano, ku tsaya a kan "gwaji, gwaji".