Ranar da Babur Ɗina Ya Ƙi Fita Zaure

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da babur ɗina ya kunyata ni a gaban surukina ba.

A Sabon Gari na saye shi wurin Oga Chidi mai gwangwan, kuma a cikin buhu uku. Inji daban, tayoyi daban, tanki ya yi tsatsa kamar tsohon kwanon rufi. Chidi ya ce, "Oga, komai yana ciki, haɗawa kawai." Ni kuwa da na taɓa gyara fankar ɗakinmu sau ɗaya, sai na ji ni cikakken injiniya ne.

Na kai buhunan ɗakin da nake haya a Bomo, can ƙuryar gida. A nan na yi ta fama wata da watanni. Na goge, na shafa fenti ja, na ɗaura masa faffaɗan ƙarfen kare ƙafa da madubai manya (har da jelar roba mai lilo a hannu, Allah ya yafe mini). Duk teburin mai shayin Samaru babu wanda bai sha labarinsa ba.

Bakina ne ya ja mini. Na je gaida Malam Shehu, mahaifin Zainab da nake nema, wanda har lokacin bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ambaci wani ɗaurin aure da zai je a Muchia ranar Asabar, sai na yi caraf: "Baba, ai ni zan kai ka. Na yi abin hawa."

Ranar ya tako da ƙafarsa har ƙofar gidanmu, cikin babbar riga fara sol. Na buga kik, babur ya tashi da ruri, matan gida har da guɗa. Na turo shi tsakar gida ina taku ɗaiɗai.

Sai zaure.

Kun san zauren gidajenmu, ƙofar ciki ba ta kallon ta waje, sai ka karya kwana a ɗan lungu don kada bare ya hango mata. Buhu yana karya kwana. Babur mai faffaɗan ƙarfe ba ya yi. Na tura, ya cije. Na ja baya, madubi ya kama bango. Hayaƙi ya turnuƙe ni, na toshe gida gaba ɗaya, masu shiga suna waje, masu fita suna bayana suna tsaki.

Mai gidan ya leƙo ya ce, "Ka taɓa mini bango, ka kwashe kayanka yau."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Haka na durƙusa da sifana ina kwancewa, ina miƙa kaya waje ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya karɓi tayar gaba kuwa Malam Shehu ne, baƙin mai ya yi masa zane a gaban riga.

Ya dubi tayar, ya dube ni, ya ce a hankali, "Sannu da ƙoƙari, ɗana. Wanne ɓangaren zan hau?"

Ya tari ɗan acaɓa ya tafi.

Ya dai ba ni Zainab daga baya, Allah ya saka masa. Amma kafin a sayi gadon amarya, da kansa ya zo gidan da na kama, riƙe da igiya, ya auna kowace ƙofa yana kallona. Tun daga ranar na koyi cewa kafin in yi wa mutane alkawarin inda zan kai su, in fara duba ko ni kaina zan iya fita daga gida.