Ranar da Waya Ta Rage Mini Shekara Biyu

Talatar da ta wuce na bar gida da ƙarfe takwas na safe ina ɗan shekara saba'in da huɗu, na dawo da ƙarfe uku ina ɗan saba'in da biyu. Ba magani na sha ba. Aji na je, ajin koyon intanet da manyanmu suka buɗe wa tsofaffi kyauta, kuma ina so in yi amfani da wannan fili in gode musu yadda ya kamata.

Tikitin jirgin ƙasa ne ya kai ni. Bikin Chuseok, bikin kaka da kowa a Koriya ke komawa garinsu, saura sati uku, mahaifiyata kuma tana can Suncheon, shekararta casa'in da huɗu. Bara sai a rana ta biyu ta gane ni. Ƙanwata da ke kula da ita ta bugo mini ta ce, "Yaya, in za ka zo ka zo bana. Kada ka ce baɗi."

Shekara arba'in hanya ɗaya nake sayen tikitin nan: in ɗauki 'yar kujerata mai naɗewa, in je tasha, in bi layi. Bana na je ban ga layi ba, na ce kai, ƙasa ta ci gaba. Sai mutumin taga ya nuna mini takarda a bango. Tikitin biki sai ta waya, ranar tsofaffi Talata, daga tara na safe zuwa ɗaya na rana. Na miƙa masa wayata ta taga. Ya turo mini ita da hannu biyu, cikin ladabi.

Maƙwabcina Bang Deok-chil ne ya kawo labarin ajin. Garinmu ɗaya da shi, amma a nan Seoul muka san juna, bene ɗaya muke, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan yana ce mini Yaya. A wurinmu kowace shekara da dabbarta: ni haihuwar shekarar Zomo ne, alif ɗari tara da hamsin da ɗaya. Shi ta Dodo, hamsin da biyu. Shekara ɗaya ce tal, amma na ci moriyarta. Shi ke zuba mini giyar shinkafa da hannu biyu, shi ke kau da kai gefe in zai sha tasa, ba ya taɓa cokali sai na taɓa, kuma in mun je gida biki shi ke ɗaukar kaya.

"Yaya, an sa ajin ranar Talata, tara zuwa ɗaya," in ji shi. "Daidai da ranar tikiti. Wa ya ce ba sa tunaninmu?"

Mu tara muka hallara a zauren unguwa. An rataya wani ƙyalle da ya fi motar bas tsawo, an rubuta ba za a bar tsoho ko ɗaya a baya ba. Malamar, Seok Hye-ran, mace ce mai kimanin shekara arba'in, an ɗauko ta aikin yini guda. Ta ce kafin komai a zaɓi shugaban aji. To, a ƙasar nan ba a zaɓen irin wannan da ƙuri'a, kowa ya faɗi shekararsa. Bang bai ma bari na buɗe baki ba.

"Yayana Pyo Man-sik Zomo ne. Akwai wanda ya fi Zomo a nan?"

Babu. Aka tafa mini, aka ba ni kujerar gaba. Gwaggo Ok Sun-rye, mai sayar da busasshen kifi a kasuwarmu, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Zomo dai? To jiki ya yi maka adalci."

Na ce Malama mu fara, lokaci na tafiya. Ta sunkuyar da kai ta ce ba a fara aji sai an buɗe shi, kuma ba ita ke buɗewa ba.

Ƙarfe goma Mai Girma Mai Riƙe da Jakar Mai Girma ya iso, ya duba ƙyalle, ya sa aka ɗaga gefen hagu. Goma da minti ashirin Mai Girma shugaban yankinmu da kansa, Sarkin Almakashin buɗe taro, Uban Tsofaffin Zamani, ya shigo. Jama'a, ban taɓa jin jawabi mai amfani irin nasa ba. Minti talatin da biyar yana bayyana mana cewa a duniyar yau lokaci shi ne komai. Daga takarda ya karanta, kuma duk shafin da ya gama akwai mutum na musamman mai karɓa.

Sai hoto. Aka ce mu ɗaga wayoyi sama. Na farko ƙyalle bai fito ba. Na biyu Gwaggo Ok ba ta yi murmushi ba. Ta ce ita ba ta ga abin murmushi ba, aka mayar da ita layin baya. A na uku Mai Girma ya tsaya a kaina ya ɗora yatsa a kan wayata kamar yana koya mini wani abu. Wayar a kashe take. Ban faɗa masa ba, ba tarbiyyata ba ce in katse babba yana aiki.

Sha ɗaya da kwata suka fita cin abinci, su goma sha biyu. Cikinsu har da mutum ɗaya tilo da ya san kalmar sirrin intanet ɗin zauren. Malama ta buga masa sau shida. Daga ƙarshe ta buɗe mana na wayarta, muka ɗora mata mu tara, kamar 'yan gudun hijira a kan keke.

Sha biyu saura minti goma aka fara karatu. Kuma gaskiya matar nan ta iya. Ta ce waya ba ƙararrawar ƙofa ba ce, ba a danna ta da ƙarfi, taɓawa ake yi. Ta nuna mana inda ake samo manhajar jirgi. Ta ce kowa ya ƙirƙiri kalmar sirri da baƙaƙen Turawa, babba da ƙarami, da lamba, da alama, kada ya rubuta ta a ko'ina, kada ya faɗa wa kowa. Dukanmu muka ciro biro. Gwaggo Ok ta karanto tata da ƙarfi ta ce, "Malama, ta yi?"

Sha biyu da minti ashirin da biyar muka zo kan rajista.

"Shugaban aji," in ji Malama, "kawo wayarka mu haɗa da majigi, kowa ya gani a bango ya bi."

Girmamawa ce. Na miƙa da fara'a. Wayata ta fito a bango, girmanta ya kai ƙofa. Ta ce a sa suna, na sa. Ta ce a sa ranar haihuwa, lamba shida, a fara da shekara.

A nan dole in tsaya in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa Bang ba. An haife ni ana tsakiyar yaƙi. A lokacin uba mai hankali ba ya gaggawar kai jariri rajista, sai ya jira ya ga ko yaron ya zo zama ne. Mahaifina ya jira ni shekara biyu. Da ya ga na ƙi mutuwa ya je ofis, aka rubuta hamsin da uku, shekarar Maciji. Rabin sa'o'ina haka takardunsu suke, kowa ya san wannan. Amma ba wanda ke ciro katin shaida a wurin shan giya, kuma ni ban ga dalilin ɗora wa Bang nauyin tarihi ba.

Na sa hamsin da ɗaya. Bango ya yi ja: bayanai ba su dace ba, saura gwaji huɗu.

"Wataƙila yatsan Baba ne ya zame," in ji Malama.

Na sake sa hamsin da ɗaya. Saura uku.

"Malama, in suka ƙare fa?" in ji wani daga baya.

"Sai a rufe shi sai gobe."

Gobe kuma ba ranar tsofaffi ba ce. Gobe ranar matasa ce, masu sayen jirgi guda kafin in gama goge tabarau.

Bang ya ajiye tasa wayar, ya bar rajistarsa a rabi, ya zo ya tsaya a kafaɗata. "Yaya, kada ka damu, na'urar ce ba ta da tarbiyya. Kawo in sa maka." Ya sa hamsin da ɗaya da hannunsa, a hankali, yana faɗin lambobin. Saura biyu.

Malama ta durƙusa kusa da ni. Ba za ta ce wa sa'an babanta ya yi kuskure a gaban mutane ba, don haka ta yi magana da tebur. "Wani lokaci," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa, "abin da ke kan kati shi na'ura ta sani."

"Abin da ke kan kati shi ya sa mana!" in ji Bang. "Ke kin san ko wane ne wannan?"

Na sa hamsin da ɗaya a karo na huɗu. Kada ku tambaye ni dalili. Na yi tsammanin ko za ta gaji ta haƙura, kamar yadda ma'aikacin ofis na da yake yi in ka tsaya masa a taga ka ƙi tafiya. Saura ɗaya. Agogon bango ya ce ɗaya saura minti sha uku. A wayar Gwaggo Ok, wadda ta riga ta shige, ina hango kujerun jirgin Suncheon suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya.

Na tuna muryar ƙanwata. Na ɗaga yatsa, na taɓa biyar, na taɓa uku.

Bango ya yi kore. Ya ma yi mini maraba da sunana.

Lambobin kuwa ga su nan a bango, kowa na gani.

"Maciji!" in ji Gwaggo Ok. "Ai na faɗa, wannan fatar ba ta Zomo ba ce."

Bang yana kallon bango, yana lanƙwasa yatsu.

"Deok-chil, tsaya ka ji, yaƙi ne, mahaifina ne ya makara..."

"Kowa haka yake cewa," in ji Gwaggo Ok. "Marigayi mijina ma haka ya ce, sai a wurin jana'iza na gane na girme shi."

"Lamba!" Malama ta yi ihu, ta manta da ladabi gaba ɗaya. "An turo maka lamba ta tes, minti uku gare ka!"

Yadda na sami tabarau, da yadda na fita daga manhaja na karanto lambar na dawo ban ɓata ba, wannan sai a tambayi Malama, don ita ta riƙe mini wuyan hannu. Ɗaya saura minti bakwai na sami kujera, zuwa da dawowa, tarago na huɗu, kusa da taga. Ita ce ta ƙarshe. Bang, wanda ya ɓata minti goma yana kare mutuncina, ya gama tasa rajistar ɗaya saura minti biyu. Tikitin tsayuwa ya samu.

Bayan an tashi muka shiga gidan miyar da muka saba. Aka kawo abinci. Na jira ya jira ni, sai na ga ya ɗauki cokali ya fara ci. Da aka kawo giya ya turo kofinsa gabana da yatsa ɗaya.

"Man-sik," in ji shi. Ban taɓa jin sunana tsirara a bakinsa ba. "Da hannu biyu."

Na zuba.

"Shekara talatin da ɗaya. Ka san buhun kabeji nawa na hau da shi hawa na huɗu saboda kai?"

"Wallahi Zomo ne ni."

"Na'urar gwamnati ta ce Maciji. Kai ka fi gwamnati sani?" Ya kurɓa, bai kau da kai ba. "Kujerar nan taka, ta taga ce ko?"

"Ta taga ce."

"Madalla. Ba dai za ka zauna yayanka na tsaye awa huɗu ba, a jirgi cike da mutanen garinmu."

Don haka, masu karatu, zan je gida bana, kuma wannan ne abin da na je nema. A tsaye zan je, a bakin ƙofar tarago na huɗu, da kayana da nasa. Jiya jaridar unguwa ta fito da hotonmu a shafin farko, yatsan Mai Girma a kan wayata, an rubuta tsofaffi tara sun shiga zamani, nasara ɗari bisa ɗari. Ba ƙarya suka yi ba. An ce ba za a bar kowa a baya ba, ai ba a ce za a ba kowa wurin zama ba.

Bang dai ya yi mini sassauci guda. Ya ce shaida ɗaya zai karɓa a duniya, wadda ta haife ni. In ta ce Zomo, zai mayar mini da girmana da kujerar dawowa. Na bugo wa ƙanwata na ce ta fara tuna wa Inna tun yanzu, a hankali, kullum kaɗan-kaɗan. Da safen nan ta kira ni.

"Yaya, na gaya mata kana zuwa. Ta gane ka sarai, har ta yi dariya."

"Sai ta ce me?"

"Ta ce, shi kaɗai, ko da wannan yayan nasa mai ladabi da ke ɗaukar masa kaya?"