Dankalin da Ya Zaga Gummi

Ba zan taɓa mantawa da ƙaramar Sallata ta farko a gidan miji ba, a Gummi. Surukata Inna ta aiko cewa in yi waina da miyar taushe kamar kowa, don ranar dangi za su san ko ɗansu ya auro mai iya girki. Ni kuwa na riga na ga wani abinci a waya, wanda Amurkawa ke yi da dankalin Hausa ranar bikinsu: a dafa, a dame da madara da ƙwai da sukari, a gasa. (Ina da difloma, lokacin kuma ban yarda mai difloma ta tsaya a waina ba.)

Kwano shida na cika, na jera gyaɗa a kan kowanne kamar tauraro, aka rarraba gidajen dangi. Abin da ban sani ba, a nan in abincin Sallah ya yi wa gida yawa, wanda ba a so shi ake miƙa wa gida na gaba.

Da la'asar na je gaida Inna, ɗakin cike da mata. Ba wanda ya tambaye ni, na fara bayanin asalin abincin, da yadda wasu ke zuba masa kirfa. Har tauraron na faɗa.

Ina tsaka da magana Goggo Dije, ƙanwar Inna, ta yi sallama da kwano.

"Yaya, wanga daga gidan Liman ya hito, su ma ba su anka yi. Sun ce kudaku na, na marasa haƙora, shi ya sa nik kawo miki."

(Kudaku shi ne sunan dankalin Hausa a nan.) Ta buɗe. Ga taurarona, an ɗebi cokali ɗaya a gefe an daina.

Inna ta ɗaga labulen gado, sai ga wasu kwanoni uku a jere, duk nawa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba wadda ta yi dariya, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Inna ta ɗanɗana ta ce, "Babu laihi, ɗiyata. Haka muke dama ma yara in za a yaye su. Ashe har Amurka ya kai."

Tun daga ranar na gane cewa kafin mutum ya kawo wa gari sabon abinci, gara ya fara tambayar tsofaffin garin wa suke dafa wa shi.