Yadda Za Ki Kai Ƙullun Masa Tsafe Surukarki Ta San Kin Yi Boko

Ke amarya, share hawayenki. Na ji labari: ƙanwar mijinki Jummai ta haihu a Tsafe, gobe suna, kuma surukarki Inna Tambaya ta faɗa a gaban dangi cewa 'yar Gusau mai karatun kimiyya ba ta iya masa ba. Maganar ta yi miki ciwo, ni ma ta yi min. Bi matakan nan, na yi miki alkawari kafin la'asar tanda za ta dawo hannunki.

1. Ki san ma'aikatanki

Yis ɗin da kike saya a ƙulle a leda ba gari ba ne, halittu ne masu rai, barci kawai suke yi. A cikinsu akwai wasu 'yan ƙwadago da ake kira inzayim. Su ne ke farfasa sukari, yis ya samu ƙarfi, ya huro iskar kabon dayokzaid, irin wadda ke ma kike fitarwa ta hanci. Iskar ce ke kumbura ƙullu. Shinkafar ma da wannan iskar ganyenta ya gina ta tun tana gona. Haddace wannan, za ki buƙace shi a tsakar gida.

2. Kada ki yi rowa

Matan ƙauye ɗan kaɗan suke barbaɗawa. Ke ai kin yi makaranta. Juye ledar gaba ɗaya, ki bi ta da sukari, ki kwaɓa da ruwa mai ɗumi. Banda tafasasshe, zai kashe su, ki kai gawa gidan suna. Masana sun tabbatar cewa ma'aikacin da ya ƙoshi ba ya tambayar lokacin tashi.

3. Toshe kowace kafa

Nemo tsohon bokitin fenti mai murfin nan da sai an taka shi yake rufuwa. Cika shi har baki. Shimfiɗa leda, danna murfi, ki hau kai ki zauna, sannan ki ɗaure da robar taya. Idan maƙwabciyarki ta nan unguwar Damba ta leƙo ta ce a bar wa ƙullu wurin numfashi, yi mata murmushi. Hassada ce.

4. Zaɓi tsakar rana

Inzayim na son ɗumi, hanyar Tsafe kuwa ba ta rowarsa. Sa bokitin a but ɗin motar haya, kusa da inda salansa ke gasa ƙarfe. Kafin ku yi nisa za ki ji wani tsuwwa daga baya. Direba, Dogo, zai rage gudu ya waiwayo.

"Hajiya, mi kinka ɗauko muna? Kayanki na huci."

"Ƙullu ne, Malam."

"Ƙullu ka kuka haka? Ko dai kumurci na?"

Dubi taga abinki. Tsohon da ke kusa da ke zai fara salati, ki taya shi.

5. Girmama na gaba

Za ki iske murfin ya yi tozo, bokitin ya yi ciki kamar ya kusa haihuwa. Kada ki taɓa. Ba tarbiyya ba ce amarya ta buɗe kaya gaban manya. Kai shi tsakar gida inda mata suka taru, ajiye a gaban Inna, ki durƙusa ki gaishe ta. Daga nan ki ja da baya, ki ƙara ja, kamar kunya ce ke janki, har ki kai bayan turmi.

Za ta gyara sabon mayafinta ta ce, "To, mu gani abin da 'yan boko ka yi." Za ta sa wuƙa ta yanke robar.

6. Yi bayani

Ƙarar za ta kai bakin titi. Murfi zai sauka kan rufin ɗaki, kaji su watse, jariri ya tsala ihu. Inna kuwa fari fat, idanu kawai ake gani. Yanzu ne lokacinki. Fito ki ce, cikin ladabi:

"Inna, iskar kabon ce. Ta rasa hanyar fita ne."

"Iska? Wace iska, ɗiyar nan? Aljanu kinka rufo min a bokiti?"

"A'a, Inna, inzayim ne suka..."

"Har sunansu kin sani!"

Tsaya ki kalle ta tana lakato ƙullu daga kumatunta ta kai baki. Za ta daɗe tana juya shi a harshe.

"Ya tashi," za ta ce. "Ban taɓa ganin ƙullun da ya tashi haka ba. Ku ba ta tanda. Kuma daga yau duk suna da biki na danginmu, daga nan har Bungudu, ita ka yin masa. Amma a gabana za a kwaɓa."

Gargaɗi

Marubuciya ba ta da alhakin wankin mayafi, kankare bango, ko kajin da ba su dawo ba. Tanda na yi miki alkawari, kin kuma samu. Dangin mijinki suna da yawa, matansu huɗu na da tsohon ciki yanzu haka. Idan hayaƙi ya cinye miki idanu, kada ki nemi gidana.